Dutsen Niƙan Mama

Kafanchan,
11 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga yayana Azariya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Emilia da yara. Ina roƙon Allah ya tsare fitarka da shigarka a Fatakwal, ya ƙara maka ƙarfi a wurin aiki, ya kuma sauƙaƙa wa Emilia ciwon bayan da ka ce yana hana ta sakat. Mu a nan muna lafiya daidai gwargwado. Maigidana Leonard yana nan yana fama da aikin kafinta, yara sun koma makaranta, cittar da muka shuka a gonar aro ta fi ta bara kyau, ko da yake ba za a ce ta yi abin kirki ba. Ruwa ya ɗauke, an fara haƙar doya a wajen Kagoma, kasuwa ta ɗan yi rai.

Baba kuwa yana nan yadda ka bar shi a Ista, sai dai ya ƙara ramewa. Ƙafar hagu har yanzu ba ta ɗaukarsa, idon kuma ya rufe gaba ɗaya, ko hasken ƙofa ba ya bambantawa. Kunne ne dai ya rage masa, shi kuwa ya fi na kowa a gidan nan. In na yi raɗa a kicin, yana ji daga ɗakinsa. Wannan ne dalilin da ya sa na zauna na ɗauki biro maimakon in kira ka a waya kamar yadda muka saba. Na san za ka yi mamaki, don rabon da in rubuta maka wasiƙa tun kana makarantar kwana ina roƙonka ka kawo mini sabulu mai ƙamshi. Abin da zan gaya maka ba na faɗa a gaban Baba ba ne, kuma ko da ba ya kusa ban tabbata bakina zai iya kai shi ƙarshe ba. Ka karanta a zaune, kada ka karanta a cikin mota.

Ka san maganar da Baba ya riƙe tun bara. Da can cewa yake in ya mutu a kai shi Gidan Kanya a kwantar da shi kusa da Mama. Da ya ga komawa ƙauyen ba za ta yiwu ba, sai ya juya maganar, ya ce to a ɗauko ƙasusuwanta a kawo maƙabartar ikilisiya a nan Kafanchan, a bar masa wuri a gefenta. Ba ya roƙon magani, ba ya roƙon abinci, wannan kaɗai yake roƙo, safe da yamma. Kai ba ka ga kabarin ba, don hanya a rufe take a makon, ba ka samu zuwa ba. Mu shida muka binne ta ranar Alhamis a bayan ɗakinta, ana jin harbi daga tsallaken rafi, ranar Asabar kuma muka gudu da abin da hannu ya iya ɗauka. Babu siminti, babu lokacin sassaƙa gicciye. Baba ne da kansa ya jawo dutsen niƙanta daga gindin rumbu ya kife shi a kan kabarin, ya ce wannan ba mai sata, ba ya ruɓewa, zai jira mu har mu dawo. Shekara takwas ke nan. Daga cikin mu shidan, fasto na lokacin ya rasu, maza biyu ban san inda duniya ta jefa su ba, sai ni da Baba da Tamar 'yar Kawu.

Na gaya maka a waya cewa an ba wani kamfani filin ƙauyen namu, sun ɗaga bangon dam ɗin da ke ƙasa da mu, sun zagaye wurin da waya, sun gina ɗakunan hutu na masu zuwa shan iska da yawo a jirgin ruwa. Abin da ban gaya maka ba shi ne sau biyu ina hawa acaba in je ƙofar, sau biyu masu gadi suna mayar da ni. Suka ce ba a shiga sai da takarda, takardar kuma ba su san wanda yake bayarwa ba. To, makonni uku da suka wuce, bayan sujada, fasto ya karanta sanarwa cewa masu wurin za su yi bikin buɗe ƙofa na kwana biyu, Asabar da Lahadi, don mutanen Abuja da Jos da Kaduna su zo su ga ɗakunan kafin hutun Kirsimeti, suna neman masu aikin sa kai daga majami'u da masallatan kewaye. Aka ce wanda ya nuna himma ana iya ɗaukarsa aikin shara ko girki daga baya. Matan zumunta suka yi ta rububin ba da suna saboda aikin. Ni kuwa ko a jikina, ƙofar nan kawai nake so a buɗe mini. Na ba da sunana da na Tamar, na dawo gida na gaya wa Baba. Ya kama hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce in na je in fara gaida Mama kafin in taɓa kowane aiki.

Ranar Juma'a da safe suka aiko mota ta kwashe mu, mu kusan talatin, don a gyara wuri. Yaya, da an rufe maka ido an sauke ka a wurin nan, da ka rantse ba ƙasarmu ba ce. Hanyar da muka sani ta kasuwa sun toshe ta, sabuwar hanya ta wani gefe dabam take shiga. Kanyar da aka sa wa ƙauyen suna babu ita, ko kututturenta. Mangwarorin gidan Kawu, ɗorawar bakin majami'a, shingen ƙerana da ya raba gidaje, duk katafila ta shafe. A kan tudu an jera ɗakuna goma sha biyu masu jan rufi, kowanne da barandarsa tana kallon ruwa. Daga ƙasa kuma ga wata gadar katako da ta shiga cikin ruwa, an ɗaɗɗaure ƙananan jirage masu inji a jikinta, farare da shuɗɗa. Tsakanin ɗakunan da ruwan akwai wani fili mai faɗi da ciyawa ta rufe, shi katafila ba ta taɓa shi sosai ba. Nan aka ce za a kafa rumfuna a jera kujeru, nan kuma aka tura mu mata.

Ga inda na yi kuskuren, kuma ina so ka fahimce shi da kyau kafin ka yanke mini hukunci. Ka tuna daga gidanmu zuwa rafi tafiya ce mai ɗan nisa, mukan huta sau ɗaya da tulu a ka kafin mu iso gida. Tun ina yarinya haka na san duniya: ruwa yana can ƙasa, gida yana can sama. Da na ga filin nan a bakin ruwa, har igiyar ruwan tana lasar ciyawarsa, sai na ce a raina wannan fadamar Baba ce, inda muke shuka rake da gwaza, gidanmu kuwa yana can sama wajen ɗakunan. Tamar ma haka ta gani, har tana nuna mini inda take tsammani mun taɓa kashe maciji. Ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa ruwan ne ya taso ya haɗiye fadamar duka, ya hau gangaren, ya zo har bayan gidanmu ya tsaya. Na auna gida daga bakin ruwa kamar yadda na saba, na manta ruwan ba ya inda na bar shi.

Aikin da manaja ya ba mu shi ne mu sare ciyawar, mu tsince duk duwatsun da ke filin don kada baƙi su yi tuntuɓe, mu cike ramukan da yashi, sannan mu jera duwatsun a gefen hanyar da ta gangara zuwa gadar jirage, mu shafa musu farin fenti. Ka san halina, Mama ba ta kira ni sarkin sauri a banza ba. Ni nake so a gama da wuri in sulale in hau tudu neman kabari, don haka na zama shugabar da ba wanda ya naɗa. Na raba mata gida uku, na karɓi baro, na yi ta yi musu tsiya cewa hannunsu kamar na amare. Har waƙar zumunta na ɗauko don aikin ya yi sauri. Duwatsu sun fi ɗari, manya da ƙanana, duk sun nutse a ƙasa, gansakuka ya rufe bayansu. Mu banƙare da diga, mu mirgina cikin baro da ƙasarsu a manne, mu juye a bakin hanya. Na tuna akwai wani mai nauyin tsiya da ni da Tamar muka sha wuya a kansa, har na zage shi. Daga ina muka ciro shi, ban sani ba. Kaina a sunkuye yake, hankalina yana kan tudu. Ramukan kuwa ni da hannuna na bi su ɗaya bayan ɗaya na cike da yashi na daddaɓe, maza suka zo da injin yanka ciyawa suka bi ta kai, aka shimfiɗa darduma mai kama da ciyawa a tsakiya. Manaja ya yaba mini a gaban kowa, ni kuma na ji daɗin yabon, ba zan ɓoye maka ba.

Wajen ƙarfe huɗu na ajiye buroshin fenti na hau tudu ni da Tamar. Muka zaga bayan ɗakunan nan goma sha biyu kamar masu neman akuyar da ta ɓata. Babu komai sai siminti da furannin da aka dasa. Na yanke a raina cewa sun gina ɗaki a kan Mama, na tsaya a bayan ɗaki na bakwai na yi kuka na gaishe ta a can, ina magana da bangon banɗakin mutane. Da na dawo gida Baba ya tambaye ni, na ce aiki ya yi yawa, sai gobe.

Ranar Asabar aka ba mu riguna masu hoton jirgi a ƙirji, aka koya mana yadda za mu yi murmushi mu ce barka da zuwa. Motoci suka yi ta shigowa tun ƙarfe goma. Aka sa kiɗa, ana gasa kifi da nama, ana zagayawa da baƙi cikin ɗakunan suna latsa katifa suna buɗe famfo. Ni aka ajiye a bakin hanyar jirage da tire na lemo, ina kuma miƙa wa masu shiga jirgi rigar da ke hana nutsewa. Wata mata mai kirki ta tambaye ni ko ni 'yar wajen nan ce, na ce e, ta ce lallai mun yi sa'a da muka tashi a wuri mai kyau haka. Na ce mata na gode. A ƙarƙashin wata rumfar ciyawa kuma an zaunar da matan Fulani da ƙorai suna dama fura da nono don baƙi su ɗauki hoto. Cikin su na hango Inna Azumi, matar Baffa Jibir na rugar tsallaken rafi, wadda take kawo wa Mama nono ta karɓi dawa, wadda ta goya ka lokacin da Mama ta yi ciwon nono. Ta tsufa ƙwarai. Baffa Jibir yana zaune a gefe da sandarsa. Tun abin da ya faru ban yi magana da ko mutum ɗaya daga cikinsu ba. Na san ba su ne suka zo mana ba, na kuma san an ƙone rugarsu kwana biyu bayan gudunmu, amma zuciya ba ta bin abin da kai ya sani. Inna Azumi ta dube ni, na kau da kai kamar ban gane ta ba.

Bayan azahar wata babbar mota tana juyawa da baya ta bugi ɗaya daga cikin duwatsun da muka jera, ya birkice ya koma rigingine a gabana, bai fi taku uku ba. Ƙasar da ta manne a cikinsa ta bushe, ta faɗo gaba ɗaya kamar malmalar tuwo. Na ga cikinsa sumul, ya lotsa ta gefen hagu. Mace nawa ka sani a Gidan Kanya da take niƙa da hagu in ba Mama ba? Ga kuma ɓallin nan a kusurwa, wanda kai ka yi da gudumar Baba kana fasa kwakwa, aka yi maka dukan da har yau kake ba da labarinsa. Bayansa fari fat da fentin da ni na shafa. Ban san lokacin da tiren ya bar hannuna ba. Na durƙusa na sa tafina a cikin lotsawar, na ɗaga kai na dubi filin nan, mutum ya fi ɗari uku a kansa, suna ci suna sha, wasu suna rawa. A nan ne na gane inda nake tsaye. Ashe ranar Juma'a na yini a tsakar gidanmu ina waƙa, na ɗauke alamar kabarin uwata da hannuna, na zagi dutsen, na cike gurbin da yashi don kada wani ya yi tuntuɓe.

Wadda ta fara isowa wurina Inna Azumi ce. Ta bar ƙwaryarta ta zo ta tsuguna, ta shafa dutsen, ta ce wannan na Maman Azariya ne, ta sha zama a gefensa tana jira a gama niƙa. Ba ta tambaye ni me ya sa na kau da kai da safe ba. Ta kama ni ta tayar, ta share mini fuska da bakin zanenta kamar yarinya. Tamar ta zo ta gani, ta zauna a ƙasa daɓas.

Na nemi manaja na same shi a bayan rumfar manyan baƙi. Gaskiya bai wulaƙanta ni ba. Ya saurare ni har ƙarshe, ya yi ta cewa sori madam, ya ce su an gaya musu babu kabari a filin, ya roƙe ni kada in tayar da maganar a gaban baƙi. Sannan ya gaya mini abin da ya sa nake gaggawar rubuta maka. Filin nan za a zuba masa kankare gaba ɗaya a makon farko na Disamba, don a nan za a yi dandalin biki. Ya ce in zan iya nuna masa wurin daidai, zai ba mu rana ɗaya mu haƙa rami ɗaya mu ɗauki abin da za mu ɗauka, wannan yana cikin ikonsa. Amma ba zai bari a tone fili duka ana lalube ba, masu wurin ba za su yarda ba. Ya tambaye ni daga ina aka ciro dutsen. Na ce ban sani ba. Ya ce wa ya cire shi, a kira shi a tambaye shi. Na ce ni ce.

Inna Azumi ce ta gaya wa Baffa Jibir, shi kuma ya aiko ta ta ce in zo da sassafe ranar Lahadi kafin baƙi su iso. Ban je sujada ba, karo na farko tun haihuwar autana. Na same shi yana jira a ƙofa. A hanya yake gaya mini cewa bayan gudun kowa, rani uku yana dawowa da ragowar shanunsa ta kangon ƙauyen kafin a sa waya. Ya ga dutsen a kife ya gane abin da ake nufi, ya sare ƙaya ya zagaye shi don kada shanu su taka, kowace shekara yana sabunta ta. Mu muna Kafanchan muna zaginsu a ɗaki, shi yana can yana yi wa kabarin uwarmu shinge. Na rasa inda zan sa fuskata. Ya ce shi makiyayi ba da itace yake gane wuri ba, don itace ana sarewa, da duwatsun nesa yake ganewa. Ya tsaya a tsakiyar filin tsakanin kujerun da aka kife, ya dubi duwatsun Kagoro, ya matsa hagu, ya matsa dama, har wani tsagi da ke tsakanin duwatsu biyu ya zo masa daidai yadda ya saba ganinsa. Ya ja layi da sandarsa a kan raɓa. Sai ya juya neman abu na biyu da zai yanke layin, wani suri da yake gabas da gidanmu. Babu shi. Ya nemi kanya, babu. Ya yi tafiya a kan layin nan ya dawo ya fi sau goma, yana ƙwanƙwasa ƙasa da sanda yana saurare, ni ina binsa a baya kamar maraƙi. Muka ɗaga dardumar muka duba, yashin da na zuba ya bi ƙafafun mutane ya watsu ko'ina.

Daga ƙarshe ya kafa sandarsa a wuri ɗaya, ya taka har taku arba'in da wani abu, ya tsaya ya juyo. Ya ce, "Hulda, kabari ba wurin ƙarya ba ne. Daga sandan nan zuwa inda nake tsaye, mamanki tana ciki. In na nuna miki wuri ɗaya, na cuce ki."

Na roƙe shi, Yaya. Na ce ya zaɓa ko da zato ne, ni zan ɗauki alhakin. Ya girgiza kai. Na tambaye shi ɗansa Bashir, wanda kuke zuwa kamun kifi tare, don na ji an ce ya rasu a wancan makon amma ban taɓa tambaya ba. Ya ɗaga hannu ya nuna can inda aka ɗaure jirgi na ƙarshe, ya ce yana wajen, ƙarƙashin ruwa, shi da kakarsa. Ya ce mu aƙalla tamu tana kan busasshiyar ƙasa. Daga nan aka kunna kiɗa, motocin farko suka fara shigowa, na je na sa rigata mai hoton jirgi na ƙarasa aikin da na yi alkawari. Na yini ina miƙa lemo ina kallon takalman mutane a kan layin nan.

Da yamma manaja ya bar ni na ɗauki dutsen. Maza biyu suka ɗora mini shi a keke mai ƙafa uku, na sauke shi a gidan Tamar a bayan kicin, muka rufe da buhu. Kwana uku ina zuwa ina kankare fentin da wuƙa da kananzir, bai gama fita ba. Ban kawo shi gida ba, don Baba yana taɓa shi zai gane shi, zai kuma tambaye ni me ya raba shi da wurinsa. Daren Asabar na tarar ya yi barci. Da na shiga ɗakinsa ranar Lahadin, tun kafin in gaishe shi ya juyo da fuskarsa wajen ƙofa, ya ce, "Hulda, dutsen yana nan?" Na ce, "Yana nan, Baba. Na taɓa shi da hannuna." Ya yi ajiyar zuciya, ya ce ya gode wa Allah, ai ya faɗa mana zai jira. Ranar ya cinye tuwonsa tas har ya nemi ƙari, abin da bai yi ba tun Ista. Tun daga nan kullum sai ya tambaye ni yaushe za a je ɗauko ta, har ya sa Leonard ya fara auna katakon ƙaramin akwati. Leonard ya san gaskiya, yana aunawa yana kallona.

Yaya, ban san abin da zan yi ba, shi ya sa na kawo maka. Kai ne babba. Rami ɗaya aka ba mu a cikin taku arba'in, kuma saura mako uku. Tamar ta ce mu je mu haƙa ko'ina, in ba mu samu komai ba mu ɗebo ƙasar wurin mu sa a akwati, Baba ba zai gani ba. Na kwana biyu ina juya wannan magana, wani lokaci in ga ita ce jinƙai, wani lokaci in ga cin amana ce. Na riga na yi masa ƙarya ɗaya da kalmomin gaskiya, ban san ko zan iya ɗora ta biyu a kai ba, in kuma tsaya a maƙabarta ina waƙa a kan yashi. In gaya masa kuma, ina tsoron abin da zai biyo baya, don wannan zancen ne kaɗai yake tashinsa da safe. Ina roƙonka ka nemi izini a wurin aiki ka zo kafin ƙarshen wata, kada ka jira Kirsimeti. Ka zo mu je tare da Baffa Jibir, kai ka zaɓi inda za a sa diga, don ni hannuna ya riga ya yi abin da zai yi a filin nan. In za ka yi mini faɗa, ka yi, na cancanta, amma ka yi shi a nan inda zan ga fuskarka. In ka kira waya kada ka ambaci komai, a kusa da Baba nake ajiye ta.

Ka gaishe mini da Emilia da kyau, ka ce ina yi mata addu'a. Ka gaida Eli da ƙannensa, su dage da karatu. Leonard yana gaishe ku, yara ma haka, Tamar da Kawu suna gaisuwa. Inna Azumi ta ce lallai in gaishe ka, ta tambaya ko har yanzu kana ƙin fura mai tsami. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.

Baba ya ji ƙarar takarda yanzu ya tambaya wa nake rubuta wa, na ce kai ne. Yana gaishe ka ƙwarai. Ya ce in rubuta maka ka kwantar da hankalinka, dutsen yana nan, kuma ka zo da farin yadi mai kyau da za a naɗe ta.

Ni ce ƙanwarka,
Hulda Abednego.